Gaisuwar Baba Mati a Gefen Sama

Ku da kuke shigowa zauren nan kuna leƙen teburin marigayi mijina kuna murmushi ƙasa-ƙasa, ku sami wuri ku zauna. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ko da yake bakin da ya saba yi wa jikoki tatsuniya shi zai faɗe shi. Shekaranjiya wani a cikinku ya ɗauki abin maganar oba-oba, rediyon nan da ake kiran juna da shi ta iska, ya danna, ya hura masa iska kamar mai hura murhu, ya ce wai wannan har sana'a ce, ai dannawa ne kawai a yi magana a saki. Ban tanka masa ba. Yau zan tanka, shi da ire-irensa gaba ɗaya.

Sunana Hajara, amma daga Kankia har Kusada Inna Mai Oba-oba ake ce mini. Ban taɓa zama a aji ba. Rubutun da ke goshin rediyon nan, a idona, sawun kaji ne a kan yashi. Da kunne na yi aikina, kuma da kunnen na sha gaban waɗanda suka iya karatun.

Aikin farko da na sa hannu a ciki na wani direban babbar mota ne, Mati, mutumin Yashe, lokacin yana da ƙarfinsa da idonsa. A zamanin direbobi ne ke sayo irin wannan rediyo a tafiye-tafiyensu, ba don wani aiki ba sai sha'awa, su kafa eriya a kan gora a gida su riƙa kiran juna. Mijina, Malam Sule, gyaran rediyon jin labarai ne sana'arsa, sai ga Mati ya dire masa nasa, ya ce mutane na cewa muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Malam ya buɗe, ya duba, ya rasa inda zai kama, domin mai magana a oba-oba ba ya jin kansa, sai wani ya ji shi daga nesa ya faɗa masa. Ya aro wani rediyon ya ajiye mini a ɗaki, ya ɗaure na Mati da batirin mota a bayan keke ya tafi gonarmu. Ni matar aure ce a lokacin, ba a jin muryata a iska, saboda haka muka shirya: in na danna abin magana sau ɗaya, ya ƙara, sau biyu, ya rage, sau uku, ya ɗauke hannunsa. Yana can gindin ɗorawa yana jero sunayen garuruwan da ke kan hanyar Kano, ina nan ina dannawa, tuwo na kan wuta. Ranar tuwon ya kama, amma rediyon Mati ya fito daga rijiya.

Ga yadda Malam ya fahimtar da ni abin, kuma har yau ban ji ɗan bokon da ya faɗe shi fiye da haka ba. Ya ce in ka danna, jaki rediyo yake saki cikin iska. Muryarka ita ce kayan da ke cikin mangala, kuma abin da ke wannan gefen shi ne a wancan, babu bambanci. In ka zuba kaɗan, jakin ya isa lafiya amma kusan fanko, mai sauraro ya ji ƙarfi ba murya. In ka cika har ya yi tozo, kaya su zube a hanya, muryar ta farfashe, ta watsu cikin gonakin mutane, wato layukan da ke maƙwabtaka da naka. Daidaita wannan lodi shi ne rabin aikinmu. A cikin kowane rediyo akwai wani ɗan abu da ke hana lodin wuce kima, mu linzami muke ce masa. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Sauran rabin shi ne aikin gefe. Makunni ne mai zama uku, hagu, tsakiya, dama. A tsakiya jaki da mangalarsa duka suke tafiya. In ka murɗa hagu ko dama, an bar jakin a gida ke nan, an ɗauki gefe ɗaya na mangalar an jefa shi iska shi kaɗai, ko na ƙasa ko na sama. Ƙarfin da jaki ke cinyewa duk ya koma kan kaya, shi ya sa maganar gefe ke kaiwa inda ta tsakiya ba ta kaiwa. Amma mai karɓa sai ya tari kayan da nasa jakin, kuma sai tsayinsu ya zo ɗaya. In ya ɗara, ka ji dattijo na magana kamar agwagwa. In ya gaza, kamar bijimi ya tura kai cikin randa. Akwai ɗan maɓallin da ake murzawa a hankali har muryar ta zauna, mai wanke murya muke ce masa. In kuwa kai kana gefen ƙasa mai magana yana gefen sama, to ka murza har yatsanka ya yi kanta, ba za ka tsinci kalma ɗaya ba. Gwalan-gwalan kawai, kamar ana jujjuya ƙwarya cikin ruwa.

Ranar da muka fara gwada gefe, na danna sau uku, na sake dannawa sau uku, Malam bai ji komai ba. Ya dawo daga gona yana faɗa, wai barci na yi. Ba barci na yi ba. A gefe, tunda babu jaki, in ba ka yi sauti ba babu abin da ke fita, allurar mita ma ba ta motsi. Daga nan na koma ƙwanƙwasa abin maganar da cokali. Har yau ana kawo mini rediyo a ce ya mutu, don an danna allura ba ta tashi ba. Sai in ce wa mai shi ya yi sallama a ciki. Ya yi, allura ta yi tsalle, ya tsaya yana kallona kamar na yi masa siddabaru.

Kuna raina doguwar gaisuwar tsofaffi, kuna cewa ɓata lokaci ce. Mu a iska gaisuwa kayan aiki ce. Muna da majalisa kullum bayan la'asar, a gefen ƙasa: tsofaffin direbobi, 'yan kasuwar hatsi, da Malam Lawal na Rimaye, tsohon malamin makaranta, wanda ke buɗewa da rufewa. Duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da suna, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa. Kafin ya kai ƙarshe kowa ya murza mai wanke murya ya zaunar da shi daram. Wanda ya faɗo da "kuna jina" ya yi shiru, da me za a wanke shi? Gaisuwar Mati ta fi ta kowa tsawo. Yakan ja sallamar kamar mota na hawa tudu da lodi, ya tsaya, ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya fara da mutumin Kafin Soli ya gangaro har Kankia. Da idonsa ya tafi, ya ajiye mota ya zama Baba Mati, majalisar nan ce ta zama fitarsa da shigarsa. Ba ya ganin komai a goshin rediyon. Ya san dai ya murɗa makunni hagu har ya tsaya, nan ne gefen ƙasa, nan ne mutanensa.

Da Malam ya rasu na gama takaba, na riga na kai shekarun da za a ji muryata ba a ce komai ba. Na gaji teburin nan: ƙarfen dalma da ake sawa a garwashi, sukudireba uku, mita, da ɗan tsinken ƙaho da ya fere da hannunsa, domin akwai wuraren da in ka murɗa da ƙarfe sai ƙarfen ya ruɗa su. Nawa ƙarin shi ne jan zare. Tunda ba na karatu, duk rediyon da ya ratsa hannuna sai in ɗaura jan zare a wayar gefen ƙasa ta cikin makunni, in na sake buɗewa in san inda nake. Da farko wasu suka ce mace ba za ta iya ba. Baba Mati ne ya tambaye su a iska ko sun san wa ke ƙwanƙwasa cokali duk shekarun nan. Suka dawo da kayansu.

Shekarar da ta ɓaci mini ita ce shekarar Injiniya. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, yana da iyali. Ya dawo daga birni da akwatin kayan aiki mai hawa uku da takarda a jikin bango, ya buɗe shago bakin tasha. Aikinsa guda ɗaya ne. A kawo rediyo, ya buɗe, ya datse linzami da filaya, ya murɗa lodi har ƙarshe, ya yi fito cikin abin magana, allura ta je ta bugi bango. Mai rediyo ya ga allura ta bugi bango sai ya ji kamar an naɗa masa rawani. Injiniya ya ce musu tsohuwa ce ta ɗaure musu murya shekara da shekaru, kuma jan zaren nan ma wa ya san abin da ke cikinsa. Dattawa masu furfura suka yarda. Cikin damina ɗaya zauren nan ya zama wurin kwanan kaji. Majalisa kuwa ta koma kamar kasuwar awaki, kowa na ihu, kowa na farfashewa, kowa na zargin eriyar ɗan'uwansa. Sau ɗaya na yi wa Malam Lawal magana. Ya amsa mini cikin ladabin nan nasu na 'yan boko, wai zamani ne ya zo, kuma mita ba ta ƙarya. Na ci gaba da kunnawa bayan la'asar, ina tsinkar zogale ina sauraro.

A cikin wannan damina makunnin gefen Baba Mati ya gaji ya fara sulɓewa. Ɗansa Sabi'u, ma'aikacin ofis ne a Kusada, ya ɗauka ya kai wa Injiniya. Injiniya ya sauya makunnin, ya datse linzami a matsayin kyauta, ya gwada a tsakiya da wani rediyon da ke kan teburi ɗaya, ya ce ya yi. Daga ranar ba a ƙara jin Baba Mati a majalisa ba. A madadinsa sai wata hayaniya ta riƙa shigowa kullum daidai an buɗe, gwalan-gwalan mai ƙarfi da ke danne kowa. Wasu suka ce mutanen ƙetare ne iska ke kwasowa, wasu suka ce wani mara kunya ne ke wasa. Suka koyi yin shiru har ta wuce, suna tsaki. Ni ma wata biyu ina jin ta ban kai hannu makunni ba. Wannan nawa laifin ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ran wata Laraba Malam Lawal ya buɗe majalisa da labari. Ya ce Sabi'u ya kira shi a waya, Baba Mati ya ruɗe. Kullum sai ya zauna gaban rediyo yana ihu shi kaɗai, ya ce ba ya jin komai sai agwagi, ya daina cin abinci na kirki. Sabi'u ya duba makunni ya ga yana kan rubutun da ya dace, ya mayar wa Injiniya, an sake gwadawa an ce rediyo lafiya lau, sai dai a duba kan tsohon. Saboda haka 'ya'yansa sun yanke shawara, jibi Juma'a bayan masallaci za su sauke eriyar su ɓoye rediyon, tunda shi ke ƙara masa ciwo. Makaho, a ƙauye, a ɗauke masa majalisa. Ku da kanku kun san abin da ya rage masa. Malam Lawal ya ce a yi masa addu'a, aka yi. Ba a gama shafawa ba hayaniyar nan ta shigo, wani ya ja tsaki.

Ni kuwa sunan mutumin na cikin kunnena, sai na ji abin da na kasa ji wata biyu. Hayaniyar ta ja dogo kamar mota na hawa tudu. Ta tsaya. Ta yi gajere sau biyu. Sannan ta fara zuwa gunduwa-gunduwa, kowace da tsayin 'yar'uwarta. Na ture faifan zogale, na murɗa makunni dama, na murza mai wanke murya. Ga shi nan, a farfashe kamar ana yaga buhu, amma shi ne.

"Malam Lawal na Rimaye, ina gajiya, ina iyali. Ko ba ka amsa ba na gaishe ka. Inna ta Kankia, ina gajiya, ina jikoki. Jama'a, in wani laifi na yi muku, ku faɗa mini in ba ku haƙuri."

Na jira ya saki, na danna. Na ce, "Wa alaikumus salam, Baba Mati. Gajiya ta bi lafiya, jikoki suna gaishe ka. Ka ja abin maganar baya da bakinka kamar taƙi ɗaya, ka daina ihu."

Sai ya ce, "Hajara ce?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ashe kunnena na nan."

Na ce masa kada ya taɓa komai. Na koma hagu, na katse wani ɗan kasuwa da ke bayanin farashin gero, na ce kowa ya murɗa dama. Malam Lawal ya fara tuna mini cewa dokar majalisa gefen ƙasa ce tun zamanin marigayi. Na ce, "Malam, mutumin da kuka gama yi wa addu'a yana gefen sama yana gaishe ku, yau wata biyu. Ku je ku amsa." Suka murɗa. Baba Mati ya ɗauko gaisuwar daga farko, daga Kafin Soli ya gangaro, kowa na amsawa. Amma duk wanda ya amsa sai tsohon ya ce wane ne wannan, ya maimaita, muryarsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Mutanen da ya sani shekara talatin, makaho mai gane mutum da tari, ya kasa gane ko ɗaya. Muryar da ya gane kaɗai ita ce tawa, ta rediyon da har yanzu ke da linzaminsa.

Washegari na ƙulle kayan aiki a ɗankwali na shiga motar Yashe. Na tarar har an jingine tsani a jikin gorar eriya, ana jiran Juma'a. Sabi'u ya gaishe ni da kyau, ya kawo ruwa, amma na ga bai yarda ba. A ganinsa tsofaffi biyu ne suka ruɗe maimakon ɗaya. Ya sa yatsa a goshin rediyon ya ce, "Inna, ga shi fa a rubuce, gefen ƙasa yake." Na ce masa ni ban iya karatu ba, ya miƙo sukudireba. Na buɗe. Jan zarena na nan inda na ɗaura shi shekarun baya, amma wayar tana liƙe a dama. Injiniya da ya sa sabon makunni ya juya wayoyin biyu, hagu ta zama sama, dama ta zama ƙasa, rubutun waje na nan yana faɗin abin da ya saba faɗa. Da ya gwada a gefe ko sau ɗaya da ya gane. Amma a tsakiya ya gwada, inda mangala ke tafiya da gefenta biyu, kuma a taku ɗaya, inda ko rediyon da ya faɗa rijiya zai yi ƙara.

Na sa aka ɗebo garwashi daga madafa, na gasa ƙarfen dalma, na mayar da kowace waya ɗakinta, na haɗa linzamin da aka datse. Saura lodi, shi kuwa sai da mai ji daga nesa. Sabi'u ya kira Malam Lawal a waya ya kunna nasa a Rimaye. Malam Lawal ya fara yi mini dogon bayani ta iska, na ce a faɗa masa ba na gane abin da yake cewa, ya je ya karɓo cokali wurin iyalinsa. Sau ɗaya in ƙara, sau biyu in rage, sau uku in ɗauke hannu. Baba Mati ya riƙe abin magana yana jero garuruwan da ke kan hanyar Kano, bai tsallake ko ɗaya ba, ina murɗawa da tsinken ƙaho. Ƙwas, ƙwas. Na rage. Ƙwas, ƙwas. Na ƙara ragewa. Ƙwas. Na ɗan mayar kamar ƙwayar gero. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga hannun tsohon malamin makaranta. Na rufe rediyon. Sabi'u ya daɗe yana kallon ubansa. Sannan ya fita, na ji yana jan tsanin zuwa bayan rumbu. Tsohon ya tambaya ko akwai sauran fura.

Bayan nan suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da rediyonsa a naɗe cikin buhu kada ɗan'uwansa ya gani, kowa na cewa wucewa yake yi ya ce bari ya leƙo. Ban tambayi kowa wanda ya datse masa linzami ba. Na dai sa kowa ya zauna ya kalli yadda ake haɗawa. Injiniya ya koma gyaran wayar hannu, an ce yana samu, Allah ya ƙara masa. Can allura ba ta da wanda za ta yaudara.

Baba Mati ya ƙara damina huɗu yana ja mana sallama kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki Sabi'u ya kawo mini rediyon da kansa, ya ce nan ya fi dacewa da shi. Shi ne wannan na ƙarshen teburi, mai tsagaggen maɓalli. Shi ne wanda ka hura wa iska shekaranjiya, kai mai jar hula, ba sai ka sunkuyar da kai ba. Matso ka ɗauka. Murɗa hagu har ya tsaya. An idar da la'asar, sauran da suka rage suna can suna jira. Taƙi ɗaya tsakaninsa da bakinka. Ka yi sallama, ka ja ta da tsawo, ka ba dattawa lokaci su wanke ka.